Kada Ki Wanke Bargon

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa ce mai tarin yawa daga gidanmu zuwa naku, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da Ƙatonmu, wanda har ya fara tafiya ban taɓa ɗaukarsa ba sai a hoto. Allah ya raya mana shi, ya sa sauran haƙoran su fito ba wahala. Mu ma nan sai godiya. Inna tana nan da gwiwarta, wata rana ta tashi garau, wata rana sai an kama ta. Man shafawar da kika aiko ya yi mata, sai dai rabinsa a gwiwar maƙwabta ya ƙare, kin san halin tsohuwarki. Maigidana ya koma aiki bayan zazzaɓin da ya kwantar da shi. Kurciya kuwa, marainiyar Yaya, ta yi tsawo har ta wuce ni, kuma a kanta zan yi miki magana.

Na san tun ranar Talata kike cikin wasiwasi, da na kira ki ko gaisuwar kirki ban yi ba, na ce kada ki wanke bargon da na aiko miki lokacin haihuwa, na kashe waya. Ban zautu ba, ko da yake da kin gan ni a makon nan da kin ce saura ƙiris. Hana ni aka yi in yi maganar a waya, shi ya sa na zauna na rubuta, zan ba direban nan ƙanen maigidana ya miƙa miki hannu da hannu. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna almakashi ya sani, ba biro ba. In kuma kin ga wani abu bai shiga kanki ba, to ni ma bai shiga nawa ba, yadda aka gaya mini nake gaya miki.

Kin ji Kurciya ta samu gurbi a makarantar koyon aikin jinya. Abin da ban gaya miki ba shi ne sai an biya kuɗin rajista kafin ƙarshen wata mai kamawa, in ba haka ba a ba wani. Mun juya, mun sake juyawa, ba mu da abu mai daraja sai keken ɗinkin marigayi Yaya, wanda nake aiki da shi tun da shagon ya dawo hannuna. Telan ƙarshen layi ya zo ya duba, ya shafa nan ya ƙwanƙwasa can kamar mai taya saniya, na ce ya ba ni zuwa ƙarshen watan. Auta, keken nan shi ne tukunyar gidanmu. Kuma har yau wurin da gwiwar Yaya ke gogawa a jikin teburin yana nan ya yi sumul, ina sa hannu a wurin kullum in na buɗe shago.

To, da nake haɗa wa yarinyar kayan tafiya, sai na tuna tsohuwar wayar babanta da ke kwance a akwati shekara biyu. Na kai wa mai gyaran waya na bakin titi, abokin Yaya da muke ce wa Injiniya, ya sa mata sabon batir ko Kurciya ta samu ta riƙewa. Washegari sai ga shi a shago da kansa, har da rufo ƙofa. Ya ce akwai wata lalita a cikin wayar, ta kuɗin intanet ɗin nan da ake ce wa kirifto, kuma shi da hannunsa ya buɗe wa Yaya ita kusan shekara takwas da suka wuce. Ya ce Yaya ya ɗan zuba abin da ya samu na wani ɗinki, ba mai yawa ba, daga baya su biyun suka manta da zancen. Ya ce abin ya tashi sosai tun lokacin, yana iya isa makarantar har ya yi saura, kuma yana iya yiwuwa Yaya ya riga ya kwashe bai gaya wa kowa ba. Ba mai sani sai an buɗe, ita kuma wayar ta daɗe a mace, ta ƙi buɗe lalitar, wai sai an ba ta wasu kalmomi goma sha biyu.

Nan kaina ya fara ɗaurewa. Na ce to mu je ofishinsu da takardar rasuwa da shaidu, ga ’yarsa ma tsaye kamar an tsaga kara. Ya ce ba su da ofis. Na ce manajansu fa, ya ce babu manaja. Na tambaye shi kuɗin a cikin wayar suke, ya ce a’a. A banki, ya ce a’a. Wai suna ko’ina kuma ba sa ko’ina, duk wanda ya riƙe kalmomin nan shi ne mai su, ko da ɓarawo ne, wanda ya rasa su kuwa ya rasa, ko da shi ya zuba. Na ce yau na ji ajiyar da ba ta san mai ita ba. Da na kai wa Inna labari, lalita kawai kunnenta ya kama, ta sa aka fito da rigunan Yaya tana lalube aljihu ɗaya bayan ɗaya. Ban hana ta ba, don ni ma ban fi ta sanin inda za a duba ba.

Sai Injiniya ya ce ya tuna ranar. Ya ba Yaya takarda ya rubuta kalmomin, Yaya ya ce takarda ba ta kwana a shagon tela, ko a yanka ta a yi fasalin wuyan riga ko a naɗe maɓallai a ciki. Kin san shi, duk abin da ba ya so ya ɓata a ƙyalle yake rubutawa. Ya yagi farin yadi mai tsawon hannu, ya jera kalmomin a kai da biro, ya naɗe ya sa a aljihun keke. Auta, yana faɗin haka na zauna a kan buhun auduga. Na san ƙyallen nan. Bayan rasuwar Yaya, da na kasa ɗinkin mutane, na tattara duk ƙyallayen da ya bari a shago, na ce ko ɗaya ba zai tafi bola ba, na haɗa su na yi barguna biyu, ɗaya na Kurciya, ɗaya na ajiye wa cikin da kike ɗauke da shi. Farin nan na cikin aljihun keke, na ga rubutun Turanci a kai, na ɗauka sunayen wasu yadudduka ne da yake son saro. Ban so almakashi ya bi ta kan rubutunsa ba, sai na yanka tsakanin kalma da kalma, gida goma sha biyu, na kifa rubutun ta ciki don kada ya ɓata kwalliyar. Na watsa su a bargunan biyu duk inda na ga ana son fari. Rashin sani ya fi dare duhu, da hannuna na yi, kuma ina yi ina ganin alheri nake yi.

Ga wani abin da ya sa ni kuka. Shekara biyu ina faɗa da Kurciya a kan bargon nan nata. Ta ƙi bari a wanke shi, wai yana ƙamshin man keke da alli irin na shagon babanta. Na kira ta ƙazama, na ce ba mai aikin jinyar da ke kwana da datti, har sau ɗaya na jiƙa omo a baho ta fizge ta gudu ɗakin Inna da shi. Ashe taurin kanta ne ya tsare mana abin. Da na yi mata bayani, sai ta miƙo mini bargon da kanta. Kwana uku muna farke shi da reza a tsakar shago, don wasu fararen na wani yadin ne, sai an buɗe ake ganewa. Mun samu bakwai, rubutun raɗau kamar jiya aka yi. Kurciya ta karanta ta fassara mini, na ƙara rikicewa, don ba addu’a ba ce, ba kuma zance ba ne, wannan tsani, wancan akuya. Kin gani, har na fara faɗin abin da aka ce in rufe. Ki manta da waɗannan biyun. Ni dai har yanzu ban gane yadda karatun yarinya zai rataya a wuyan akuya ba.

Murnar bakwai ɗin ba ta je ko’ina ba, sai Injiniya ya ce ba kalmomin kaɗai ba ne, sai an jera su yadda suke tun farko, ta farko a farko, ta ƙarshe a ƙarshe. Nan ne kawai na fi shi sani. Ni ba na yanka da ma’auni, ido ba mudu ba ya san kima, don haka ba yanka biyu da ke zama iri ɗaya. Kuma almakashin Yaya yana da giɓi a baki, duk inda ya bi sai ya bar ɗan cizo. Na shimfiɗa su a tebur ina gwada baki da baki, uku suka haɗu a jere, biyu suka haɗu can daban, biyu suka tsaya ba abokin zama. Abokan nasu suna wajenki. Injiniya ya ce in ɗaya ce ta ɓata, ko biyu, akwai yadda na’ura za ta yi ta gwaji har ta dace, amma biyar ko jikokinmu ba za su ga ƙarshen gwajin ba. Ya kuma ja mini kunne kada a ɗauki hotonsu, kada a tura ta waya, kada a nuna wa masu cewa suna buɗe irin wannan lalita, don su ne kuraye. Shi kansa juya baya yake yi in mun baje su, Allah ya saka masa.

Saboda haka ga roƙona. Kada ki farke da kanki, don in bakin ƙyallen ya zare ba zan iya haɗawa ba. Ki naɗe bargon yadda yake, ki sa a leda, ki ba direban, zai juyo cikin kwana goma. Ki ba Ƙato haƙuri, zan ɗinka masa wanda ya fi shi. Sai dai, Auta, ban manta shirun da kika yi ba ranar Talata da na ce kada ki wanke. Na kuma tuna kin taɓa yaba mini bargon, kika ce duk wankin da yake sha launinsa bai zuba ba, ni kuma na yi ta jin daɗi. Yaro ɗan shekara ɗaya da rabi, wa zai ce miki kada ki wanke masa shimfiɗa? In biron ya tafi, kada ki ɓoye mini, kada kuma ki sa wa ranki damuwa. Ke wanki kika yi, ni na yanka. Ki aiko shi a hakan, wataƙila da yake rubutun yana ta ciki a samu ko inuwarsa in an ɗaga a rana. Allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. In babu rabo, telan ƙarshen layi zai zo da amalanke ya ɗauki keken, yarinya dai ba za ta rasa gurbinta ba in Allah ya yarda.

Ki gaishe mini da maigidanki da kyau, da surukarki Hajiya, da Goggon yara mai taya ki raino, ki shafa mini kan Ƙato. Inna tana sa muku albarka, ta ce a tambaye ki ko kin ga lalitar a cikin kayan da kika tafi da su, na ce zan tambaya. Maigidana yana gaisuwa. Kurciya ma tana gaishe ki. Zanena take rufa da shi yanzu, nata bargon yana cikin kwali gunduwa-gunduwa, ƙamshin ma ya fara fita tun da iska ta shige shi. Ba ta taɓa tambayata nawa ne a lalitar ba. Abu ɗaya ta roƙe ni, ta ce ko an buɗe ko ba a buɗe ba, kafin ta tafi makaranta in mayar mata da shi yadda yake. Na ce mata to. Auta, na zauna da kwalin nan sau uku, wallahi na manta yadda yake.

Allah ya sada mu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki ta shago