Ƙayar da Ta Cinye Mana Makiyaya

Ni mahaifinku ne, ina rubuta wannan da cikakken hankalina, jiki ne kawai ya gaza. Shekara goma sha ɗaya ina dakon katako a garin da ko gaisuwa sai an ga dama. Duk da haka na gode wa Allah, na gode muku. Ba ku bar mahaifiyarku ta yi kuka da rashina ba.

1. Babba, a saman katangar garke akwai gwangwanin guba. Ka haƙa rami mai zurfi ka binne shi. Na ji kana cewa dila ya ishe ku, to saurara. Da muka samu rijiya na ninka awaki, suka cinye ciyawa har saiwa. Inda ciyawa ta mutu ƙayar dundu ta fito, ta haɗe ta zama sarƙaƙiya. Barewa ta bar wajen. Rabbi, mai kama da damisa, wanda sai a fili yake iya gudu ya kama abinci, ya rame. Na ga ɗaya da ƙaya ta tsone masa ido. Dila kuwa ya samu maɓoya har bakin garke. Ni da wautata na zuba guba a mushe. Wata rabbi mai shayarwa ta ci, ungulaye suka ci, karen baffanku ya ci, duk suka mutu. Dila ko sansanawa bai yi ba.

2. Baffanku ya gargaɗe ni, na zage shi gaban 'ya'yansa. Bakinsa ba daɗi, har gobe ina faɗa, amma shi ke da gaskiya. Ku kai masa ɗan kwikwiyo mai kyau, ku ce ni na aiko, ya yafe mini.

3. Gatarina na bar wa ƙanwarku Gajera. Ita da mijinta suka tumɓuke dundu a gefen gabas, ta rubuto mini cewa ciyawa ta leƙo, har sun ga sawun barewa. Ranar na ci abinci da daɗi. Gefen nan a bar shi damina uku ba kiwo.

4. Awaki a raba muku bisa ƙa'ida, amma kada kowa ya ƙara ko ɗaya sai ƙasa ta farfaɗo.

Filin kam, ku 'ya'yana huɗu, kada ku yanka shi kashi huɗu. In kowa ya killace nasa, cikin shekara biyu duk ƙaya ce, kuma ƙaya ba ta san iyakar kowa ba. Ku yi kiwo tare, ku ci tare. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su fi ku jin magana, kamar yadda kuka fi ni.