Na Ga Gonar Baba Daga Sama

Assalamu alaikum Yaya Sani,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ƙafar ta yi sauƙi? Ya Anti Rabi da yara? Mu nan unguwar Gorton a ƙasar Turawa lafiya lau, sai dai rage ma'aikatan da ake ta yi a jami'a.

Ka san aikina, ina gwada hotunan tauraron ɗan'adam na da da na yanzu, in ga ko gonakin Gambiya ƙaruwa suke ko raguwa. Ranar Talata kewar gida ta kama ni, na ce bari in leƙa gonar Baba. Tsamiyar bakin rafi kaɗai na gane. Sauran duk an yanka filotai, har an yi rufin kwano.

Yaya, damina uku kana ce mini gero ya yi kyau. A ina? Da ka ce matsi ne ya sa aka sayar da ita, wallahi da na fahimta.

Ka gaida Kawu. Inna ta sa ni a addu'a, kada ta ji na sani. Garin kunun da ka aiko ka ce na gonarmu ne, har na ɗibar wa maƙwabta ina alfahari. A wace kasuwa ka saye shi?

Ƙaninka,
Habu