Gidan da Muka Kama a Ifran

Ifran, 8 ga Janairu, 1974

Yaya Batul,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da jaririnki. Ya jego?

Mun iso kan dutse ran Asabar, ni da maigidana Lahsan da Baba. Kin san Baba, tun da aka gama yankan dabino yake mita sai ya ga dusar ƙanƙara kafin ya mutu. To ya gani. Ya dumbuza ya ɗanɗana, ya ce, "Wannan ce ake ta zuzutawa? Ko sukari babu."

Amma Yaya, tsoro nake ji. Gidan da muka kama akwai mutanen ɓoye a cikinsa. Kullum da ciwon kai muke tashi, kamar ana daka a ciki. Lahsan ya yi amai sau biyu. Jiya ina zuba shayi ƙafafuna suka mutu, na ga bango yana tafiya. Da mun fita yawo cikin itatuwa sai mu wartsake garau, da mun dawo sai abin ya sake danne mu. Wace cuta ce ta san ƙofar gida?

Na yi abin da Inna ta koya mana. Na zuba gishiri a kowace kusurwa. Na toshe tagogi da ƙasan ƙofa da tsumma, yadda muke yi a garinmu Arfud in guguwar rairayi ta taso, don sanyin nan ba ya jin Allah. Kaskon gawayinmu da muka taho da shi ba ya mutuwa, na ma sayi na biyu don turaren wuta. Lahsan ya ce mu koma gida, Baba ya ce, "Ni da na kwana a sahara ni kaɗai, aljanin birni ne zai kore ni?" Yanzu ko fitar ma ya daina, sai barci kusa da wuta.

Ki sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Kanza

Wujda, 11 ga Janairu

Kanza,

Bayan gaisuwa. Kada ki zauna ki karanta wannan. Je ki fitar da kaskon nan waje, duka biyun, ki cire tsumman, ki buɗe kowace taga, sannan ki dawo.

Babu wani aljani a gidan. Gawayin ne. Shekara shida na yi ina koyarwa a Midalt, garin sanyi irin wannan, kowane hunturu sai an fito da gawar mutanen da suka rufe ɗaki da kasko. Ba ya wari, ba ya hayaƙi, barci kawai yake sa mutum, daga nan shi ke nan. Ɗakunanmu na Arfud na laka ne, iska na shiga ta rufi da ko'ina. Waɗannan gidajen siminti da gilashi kamar tulu suke, ke kuma kin toshe bakin.

Ina gama karanta takardarki na miƙe. Na ajiye jariri wurin maƙwabciya na ruga gidan waya, suka ce ƙanƙara ta tsinke layin Ifran. Shi ya sa na ba direban safa wannan, na haɗa shi da Allah ya damƙa miki hannu da hannu. Kwana uku takardarki ta yi a hanya, ban ma san ko mai rai nake rubuta wa ba.

In Baba ya yi gardama ki ce ni na ce. Kada ki bar shi ya yi barcin rana.

Allah Ya tsare ku.
Batul

Asibitin Azru, 13 ga Janairu

Yaya,

Ina gaishe ki. Direban ya same mu a hanya jiya bayan azahar, ni da Lahsan muna dawowa daga kasuwa. Ban kai ƙarshen takardar ba na zura da gudu. Ƙofar ta ƙi buɗuwa saboda tsumman da Baba ya sake cusawa a ƙasanta, sai da Lahsan ya fasa taga. Muka jawo Baba muka kwantar a kan ƙanƙara.

Yana numfashi, muka kawo shi nan asibiti. Da safen nan ya buɗe ido, ya dube ni ya daɗe, ya ce, "Baiwar Allah, ba ki ga 'ya'yana ba?" Likita ya ce mu jira mu gani.

Sai da na ƙara masa gawayi kafin mu fita, Yaya, don kada ya ji sanyi.

In kina iya tafiya, ki zo.

Kanza