Ƙorafi Kan Ƙafar Thuvaraka

Kanagasabai Thillainathan,
Akawun gidan waya mai ritaya,
Layin Haikali, Puliyanthurai,
Gundumar Mullaitivu.
15 ga Nuwamba, 2016.

Zuwa ga:
Mai Girma Sakataren Gunduma,
Mullaitivu.

Ranka ya daɗe,

Game da: Abin da Gidauniyar Fitilar Gobe da jakadiyarta, jarumar fim Mridhula Varman, suka yi wa jikata a makarantar Puliyanthurai

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan Yallaɓai yana cikin ƙoshin lafiya, ni mai suna a sama ina neman izinin gabatar da kukana. Na yi wa gwamnati aiki har na tsufa ban taɓa kai ƙarar kowa ba, don haka ina roƙon a yi haƙuri da tsawon wannan takarda.

Ni ne mariƙin Thuvaraka, 'yar ɗana, mai shekara goma sha shida, wadda za ta zauna jarrabawar gama sakandare a farkon Disamba. A watannin ƙarshe na yaƙin basasa, cikin 2009, harsashin igwa ya faɗa ramin da ita da iyayenta suka ɓuya. Uwarta da ubanta ba su fito ba. Ita ta fito babu ƙafar dama daga gwiwa zuwa ƙasa. Masu haɗa ƙafar roba a Jaffna sun gwada ta sun yi mata, suna kuma gyarawa duk lokacin da ta ƙara tsawo. Da wannan ƙafa take tuƙa keke zuwa makaranta, da ita take ɗebo ruwa. Takan sa dogon siket, 'yan ƙananan ajujuwa da yawa ba su ma san da zancen ba. Haka take so, haka kuma muka bar shi.

Ga abubuwan da nake kuka a kansu:

1. A ranar Juma'a, 21 ga Oktoba, gidauniyar da aka ambata ta kawo jarumar makarantar, da sunan tallafa wa lafiya da ilimin yaran da yaƙi ya shafa. Ba a nemi yardata ba. Wani jami'insu, Mista Kishor, ya zo kwana biyu kafin nan ya tambayi shugabar makaranta ko akwai yaron da rauninsa "ke fitowa a hoto". Da bakinta ta maimaita mini kalmomin, kanta a sunkuye. Jikata ta dawo gida tana murna. Hoton wannan mata yana manne a bangon ɗakinta tun tana firamare, waƙoƙin fina-finanta duk ta haddace. Da kanta ta tsinko furanni ta saƙa sarƙar da za ta rataya mata.

2. An tsayar da yara a rana tun hantsi, baƙin ba su iso ba sai bayan tsakar rana. An ba su sababbin jakunkuna su riƙe. Kafin motocin su tashi an karɓe jakunkunan an mayar cikin buhu, wai akwai wata makarantar a gaba. Wannan ba hurumina ba ne, na ambata ne don Yallaɓai ya san irin mutanen.

3. Da jarumar ta iso, Mista Kishor ya sa aka zaunar da Thuvaraka kan benci a gindin giginya, ya ce ta cire ƙafarta. A gaban makaranta gaba ɗaya, maza da mata, da malamai, da direbobi. Ta waigo tana nemana. Na matso, sai ya tare ni da hannu ya ce, "Ayya, ɗan ja baya, kana shiga hoto. Sabuwar ƙafa za ta samu, kamata ya yi ka gode." Wata mata daga cikinsu ta naɗe mata siket zuwa cinya don dungun ya fito sosai, ta kuma cire mata ɗan kunne, wai ya sa ta yi kama da 'yar masu hali.

4. Jarumar ta durƙusa, ta rungumi yarinyar, ta kira ta da sunan da ba nata ba, ta yi kuka. Ba zan yi mata sharri ba, hawaye sun zuba, na gani da idona. Sai mai kyamara ya ce hasken bai yi ba, aka sake. Hawayen suka sake zuwa daidai inda suka zo da farko. Aka kuma sakewa, suka sake zuwa. Na ga irin wannan a majigi na tafa, ban taɓa zaton zan gan shi a kan dungun jikata ba.

5. Sabuwar ƙafar da aka ciro daga kwali ba wanda ya taɓa gwada ta a jikin yarinyar. Ta fi tata tsawo, bakinta kuma ya matse. Aka tura dungun ciki da ƙarfi, aka ɗaure, aka ce ta taka ta iso wurin jarumar da ke buɗe da hannuwa. Ta taka, an maimaita har sai da suka gamsu. Yarinya ce da aka koya wa girmama baƙo, ta daure ta yi yadda suka ce. Da muka cire ƙafar a gida, safar ta manne da jini. Ciwon ya yi mugunya, ta kwana asibiti daga 26 zuwa 31 ga Oktoba. Likita ya hana ta sa komai a wurin sai ya warke.

6. Tsohuwar ƙafarta, wadda aka yi domin ta, an tafi da ita. Na bi motar har bakin titi ina kira, aka ɗaga mini hannu ta taga kamar mai yi musu sallama. Na buga wa Mista Kishor waya sau da dama. Da ya ɗauka ya ce, "Baba, wannan tsohuwar aba me za ku yi da ita kuma?" A ranar 5 ga Nuwamba wani malamin makarantar ya nuna mini hoto a wayarsa. Ga ƙafar jikata cikin akwatin gilashi, a ɗakin liyafar wani otal a Colombo, takalmin makarantarta yana jikinta, da lakar garinmu a diddigen. Mutane sanye da kayan alfarma suna tsaye kewaye da ita riƙe da kofuna. An rubuta cewa za a yi gwanjonta. Ranka ya daɗe, na kasa cin abinci ran nan.

7. Bidiyon ya bazu. An sa masa kiɗa mai taushi, an rubuta a ƙasa cewa yarinyar ta yi takunta na farko tun bayan yaƙi, kuma hawayenta na farin ciki ne. Yarinyar da ke tsere wa samari a keke. Yanzu in na je shago sai a ce, "Kakan jaruma ya iso, a ba shi kujera." Yara suna kwaikwayon ɗingishinta a kan hanya. Ba ta koma makaranta ba. Tana zaune kan tabarma da littattafanta, in ta ji motsi a bakin darni sai ta ce mini, "Appappa, rufe ƙofar," haka take kiran kakanta. Ta sauke hoton jarumar daga bango, ba ta yaga shi ba, ta ninke ta ba ni ta ce in hura wuta da shi.

8. Amsar da gidauniyar ta aiko ita ce kwalin alewa da katin fatan samun sauƙi. A katin ma ba su rubuta sunanta daidai ba.

Saboda haka, cikin ƙasƙantar da kai, ina roƙon Mai Girma Sakatare:

(a) Ya umarci gidauniyar ta dawo da ƙafar jikata kafin ranar jarrabawa, ko an sayar ko ba a sayar ba. Masu haɗawa a Jaffna sun ce wata sabuwar ba za ta samu kafin sabuwar shekara ba.

(b) A sa su sauke bidiyon da hotunan daga duk inda suka saka su.

(c) Kada a sake barin wani baƙo, komai sunansa, ya taɓa jikin yaro a makarantun gundumar nan ba da izinin mariƙinsa a rubuce ba.

Ba na neman diyya, ba na kuma son jarumar ta dawo ba da haƙuri, domin na san da kyamara za ta zo. Idan ƙafar ba ta dawo ba, zan ɗora yarinyar a bayan kekena in kai ta ɗakin jarrabawa, in goya ta daga ƙofa zuwa kujerarta. Shekaruna saba'in da huɗu, ga damina ta kankama, amma zan iya.

Na haɗo wannan takarda da kyautar tasu, wato sabuwar ƙafar, na damƙa ta ga mai karɓar wasiƙu na ofishinka, naɗe cikin tsohon zane. Ina roƙon a mayar musu. Ba za a yi wahalar gane mai ita ba, domin jarumar ta sa hannu a ƙaurin da tawadar da ba ta goguwa, ta kuma zana zuciya a gefe.

Ka huta lafiya, ranka ya daɗe.

Naka mai biyayya,

K. Thillainathan
Kaka kuma mariƙin Thuvaraka