Muryarki a Tsagin Faifai

Otaru, Litinin da hantsi

Zuwa ga Chizuru, hasken gidana, ɗumin tafin hannuna a watan ƙanƙara, ke da nake gane takunki a matakala tun kafin ki taɓa ƙofa.

A kan kantar shagonmu nake rubuta miki, kofina ya huce ban taɓa shi ba. Teku ya yi baƙi tun jiya, masunta sun ƙi fita, hankaki sun jeru a kan wayar lantarki suna kallon ƙofarmu kamar an gayyace su. Ba na son irin wannan safiya. Saura kwana uku Alhamis ta zo, ranar da likita zai cire maƙogwaron da ciwon nan ya ci, ya tafi da muryarki gaba ɗaya. Na rubuta shi ƙarara ne don in daina yi wa kaina ƙarya. Tsoro nake ji, masoyiyata, irin wanda ban ji ba tun ina yaro lokacin yaƙi.

Kin tuna ranar Lahadin nan a Tokyo, shekara talatin da biyu ke nan? Tsoho Lucius Pruitt ya zo daga Amurka, shi da aka ce tun kafin yaƙi idan ya zauna a bayan ganguna har gurgu sai ya nemi abokiyar rawa. Da rana aka yi wasan, ana ɗaukar sa a na'ura don a buga faifai. Ya kori masu busa gefe, ya ɗauki kiɗa shi kaɗai. Sanduna suna tashi, farantan tagulla suna tsuwa, babbar ganga tana dukan mutum a ƙirji. Ni kuwa, ɗan ƙauyen da ya kwana biyu a jirgin ƙasa da jirgin ruwa don ya zo, ina ta buga ƙafa ban san inda take sauka ba. Sai tsohon ya ɗaga sandunansa sama ya tsaya cak. Mutum dubu biyu suka riƙe numfashi. A cikin wannan shirun aka ji wata yarinya ta ce, "Wayyo ƙafata! Kai baƙauye, a nan za ka yi shuka?"

Zauren ya kwashe da dariya. Tsohon ba ya jin ko kalma ɗaya ta yarenmu, amma ya yi dariya shi ma, ya amsa miki da bugu biyu a ƙaramar ganga, ya ci gaba. Haka aka buga faifan, ba a goge ba. Wace mace ce aka taɓa yi wa shaidar haɗuwa irin wannan? Wane namiji ne aka zaga a gaban mutum dubu biyu ya tafi gida yana murna?

Ya ke ruwan sanyina, ranar wanka ba a ɓoye cibi. Da muka buɗe shagon nan, ni da hannuna na rubuta allon da na kafa bisa ƙofa: "Ba a magana idan faifai yana juyawa." Haka dokar shagunan kofi na sauraron kiɗan jaz take, na kuma riƙe ta fiye da kowa. Mai son a sa masa kiɗa ya rubuta a 'yar takardar roƙo ya miƙo. Tun daga buɗewa har rufewa faifai yana juyawa. Sau nawa kika matso da tire a hannu, bakinki cike da labari, na ɗaga yatsa na nuna miki allon? Sau nawa dariya ta zo miki kika haɗiye ta a bayan tukunyar kofi? Shekara talatin ina tsare shiru saboda matattun makaɗa, mai rai tana gefena ina hana ta buɗe baki. Idan an rufe kuma sai in ce kunnena ya gaji.

Shekaranjiya a asibiti na ce ki roƙi likita ya bar ki ki zo gida ranar Laraba, ko na awa uku ne. Kika dube ni, da wannan muryar da ta dusashe kika ce, "In zo in yi me, maigida? Ai ka samu abin da kake so. Daga Alhamis ba ka da abokin ciniki mai bin doka kamata." Kika yi murmushi don in ɗauka wasa ne. Ban ɗauka ba. Maganar ta biyo ni har tashar mota, ta kwana da ni, ga ta nan zaune a kujerarki.

Jiya da rana Inomata, tsohon direban jirgin ƙasan nan da ke zama kusa da murhu, ya miƙo takarda yana neman faifanmu. Na sa masa. Kin san yadda nake jiran wurin, yadda nake daina shanya kofuna idan kiɗan ya fara hawa. Gangar ta yi ta hawa, ta yi zaƙi, tsohon ya ɗaga sanduna, shiru ya sauka. Sai allura ta yi tsalle. Ta tsallake ki, Chizuru! Daga shirun ta faɗa kai tsaye cikin dariyar mutane, suna dariya ba a san abin da aka faɗa ba. Na mayar da ita, ta sake. Na goge faifan, na sauya allura, ta sake. Ni ne na cinye tsagin. Kullum kafin buɗe shago nakan mayar da allura wurin nan sau uku, sau huɗu, in ji kina zagina, ke kuwa kina sama kina dafa shinkafa, da na kira ki da kin amsa.

Inomata, wanda bai taɓa karya doka ba a shekara ashirin, ya cire hularsa ya yi magana da ƙarfi ana cikin kiɗa. Ya ce, "Masta, kashe abin nan. Ba ka ji ba ne? In ganga ta cika zaƙi ta kusa fashewa. Ka bar faifai ka tafi wurin mai muryar, tsohon banza." Ban nuna masa allo ba. Na kashe.

Ban sani ba ko akwai wani kwafin a wani shago a Tokyo, kuma ban damu ba. Me zan yi da yarinya 'yar shekara ashirin mai jimla biyu? Ke nake so, ke da kika san sunan kowane ciwo na jikina, ke mai yi wa kifi faɗa idan ya ƙi gasuwa. Na lura da yadda likitan ya kau da ido da na tambaye shi ko ciwon ya tsaya a wuya. Ban gaya miki ba, kuma na san kin lura kafin ni. Idan Alhamis ta ɗauki fiye da murya fa? Ina zan sa kaina a shagon nan, ni da faifai dubu huɗu, ba ko ɗaya da zai kira sunana?

Na sauke allon yau da safe. Ƙusoshin sun yi tsatsa, sai da na yanke a yatsa, ga tabon nan a gefen takarda. Na sa shi a murhu. Na lulluɓe garmaho da ƙyallen nan naki mai zanen tsuntsaye, kuma ba zan buɗe shi ba sai kin ce.

Ki zo Laraba, fitilar idona. Zan zo da tasi ƙarfe ɗaya, zan kawo mayafinki mai kauri. Ki zauna a kujerar tsakiya, inda sauti ya fi daɗi, wadda nake hana kowa sai manyan baƙi. Ki ba ni duk labaran da na hana ki, ko na maƙwabta ne, ko na farashin kabeji. In faɗa ne ki yi, na cancanta. In muryar ta gaji ki yi raɗa, zan kawo kunnena. Bayan Alhamis kuma, in an bar mini ke, ni zan riƙa yin magana har ki gaji ki nuna mini ƙofa.

A cikin ambulan za ki ga 'yar takardar roƙo irin ta shago. Shekara talatin ina karɓar su, yau ce rana ta farko da na cike ɗaya. A wurin sunan mai kiɗa na sa naki. A wurin sunan waƙa na rubuta: a sake ce mini baƙauye.

Naki tun daga ranar da na taka ki, kuma naki da murya ko babu, har allurata ta kai ƙarshen nata tsagin,

Shozo