Matakala Bakwai ta Alhaji Mamuda

Dutsin-Ma, 2 ga Yuni

Zuwa ga taubashiyata Hajiya Batula, Kurfi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya ke da maigidan da yara. Tunda kin ce kunnenki ya daina shiri da waya, ga takarda ta hannun direba.

Ina sanar da ke da dukkan al'ummar Kurfi cewa bincike ya kammala: matakalar masallacin unguwarmu bakwai ce. Shekara ashirin da biyu ina hawanta ban ƙirga ba, sai ran Juma'a da mu huɗu muka ciccibi yayanki Alhaji Mamuda a kekensa na marasa lafiya. Bayana ne ya yi ƙidayar.

Kin san halinsa. Shi ya zana masallacin, da ɗakin taro, da rabin shagunan layin hatsi, kuma duk ya ɗaga su sama kamar mai jiran ruwan Ɗufana. Yau ga shi shanyewar ɓarin jiki ta zaunar da shi, ko gini ɗaya cikin nasa ba ya iya shiga. Mutumin da kan yi awa biyu yana buɗe taron ƙungiyar ci gaban gari, kalma guda ta rage masa a baki: "A'a." Na ce wa likita ai wannan ba ciwo ba ne, da ma ita ya fi amfani da ita.

Kwamitin masallaci ya yanke a cike gefen hagu na matakalar da siminti, a yi gangare yadda keke zai hau. Da na kai masa albishir sai ya dinga dukan hannun keken yana a'a, a'a. Ya nemi biro, ya yi wani tsage-tsage da hagu, kamar kaza ta bi ta kan takarda. Girman kai ne. Ya gwammace a ɗauke shi kamar buhun wake da a taɓa masa zane.

Ki rubuto masa, ko ya ji taki.

Naki, Malam Jamaluddeen

Kurfi, 6 ga Yuni

Malam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, alhamdu lillahi. Kai dai ka yi ritaya daga koyarwa amma bakinka bai yi ba.

Yaya yana da taurin kai, ban musa ba. Amma ba ka nan shekarar da ruwa ya ci gidanmu na Tamawa. Yana ɗan sakandare, shi ya goyo Gwaggo ya fito da ita, ɗakin ya rufta a bayansu. Tun daga ranar, in za a yi gini, kafin ya auna fili sai ya jira an yi ruwa ya je ya tsaya ya ga inda yake bi. Kai ka sha yi masa dariya kan haka.

Ku dakata har bakinsa ya buɗe. In ba za ku iya ba, ku tambayi Alu magini, shi ya yi aikin. Kuma ka aiko min takardar da ka ce kaza ta taka.

A gaishe da su Hajiya. Allah ya ba Yaya lafiya.

Batula

Dutsin-Ma, 17 ga Yuni

Hajiya,

Sallama da gaisuwa. Alu magini ya rasu bara da azumi, Allah ya jiƙansa. Zanen masallacin kuwa na nema a tsohon ofishin yayanki, na tarar gara ta riga ni karantawa. Likita ya ce bakin zai iya buɗewa, zai iya ƙi. Juma'a nawa za mu jira?

Don haka an yi gangaren. Ya yi kyau. Akwai wani rami a gindin matakalar, ciyawa ta rufe shi, sabon magini ya ce gidan gafiya ne, ya toshe.

Jiya Juma'a na tura yayanki ni kaɗai har sahun gaba. Tun daga ƙofa yake zubar da hawaye, ya riƙe min hannun riga har aka tayar da salla. Liman ya ce farin ciki ne. Ni ma haka na gaya wa mutane, sai dai a hanyar komawa gida bai dube ni ba, sama yake ta kallo.

Ga takardar kazar nan na haɗa miki. In kin gane karatun, na ba ki digiri.

Jamaluddeen

Kurfi, 19 ga Yuni

Malam,

Gaisuwa. Ka ƙirga ƙananan layukan nan, bakwai ne. Matakala ke nan. Dogon layin da ya karkace ba tsallake su ya yi ba, ta ƙarƙashinsu ya bi ya fita baya. Kai mai karatun littattafai, ba ka ga ya maimaita shi har biro ya huda takardar ba?

Ba gidan gafiya kuka toshe ba. Don girman Allah ku fasa yau. Nan hadari yake ta haɗuwa.

Batula

Dutsin-Ma, 21 ga Yuni

Hajiya,

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso ran Talata da la'asar, direba ya miƙo min ita a jiƙe. Tun azahar ake ruwa.

Ruwan da ke gangarowa daga kan dutse ya zo hanyarsa ta shekara ashirin da biyu, ya tarar mun rufe, ya juya gidan Adama mai ƙosai da ke jikin masallaci. Ɗaki biyu sun faɗi. Ba a rasa rai ba, amma ita da marayunta suna zaurena yanzu.

Yayanki kuwa da ya ji ruwa a kan kwano sai ya yunƙura zai tashi. A ƙasa aka same shi, ya ja jiki har bakin ƙofa, goshi ya fashe.

Yau da safe muka fasa gangaren. Kwalbati ce a ƙarƙashi, har mutum zai iya rarrafawa ta ciki. Na kai shi ya gani, na durƙusa gaban keken na ce, "Alhaji, a kai ka masallaci jibi Juma'a? Mu huɗu za mu ɗauka." Ya dubi gidan Adama. Ko a'ar ma bai ce ba.

Kusan wata guda yana gaya min da abin da ya rage masa, ni ina ba'a. Ni ne ban iya karatu ba, Batula. Ki roƙa min shi gafara.

Jamaluddeen