Rabin Mutum a Ƙarƙashin Gado

Wara, ranar Talata

Uban Mufida,

Ka aje abin da ke hannunka ka saurare ni yanzu-yanzu, ko tuwo kake ci ka wanke hannu. Zipora matar Andarawus, maƙwabciyata, ita ke rubutawa, ta ce wai gaisuwa ake farawa da ita. To ina gaisuwa. Yaya iyali, yaya Birnin Kabi, yaya ciwon bayan nan naka? Sunanka ita za ta sa a bayan takarda, ka san ba ni faɗin sunan ɗan fari.

Ka zo ka ɗauki ɗiyarka. Tun ran da ka ce za ta yi karatun nas na ce ban yarda ba, kunka ce taimako ne. To ga taimako. Tun da anka turo ta asibitin garin nan ban gan ta zaune ta ci abinci ba. Ƙafafunta sun kumbura kamar gora. Ita ce mai allura, ita ce mai karɓar haihuwa, ita ce mai riƙe tocila da baki in wuta ta ɗauke. In mutum ya warke a ce Allah, in ya mutu a ce nas. Hannunta kuwa ya koɗe da wanki, kullum warin asibiti.

Duk wannan na haɗiye. Amma jiya ina shara tsintsiya ta bugi wata jaka ƙarƙashin gadonta. Na buɗe. Innalillahi! Mutum ne, rabi. Kai da ƙirji, ba hannu ba ƙafa, fari fat, baki buɗe. Na taɓa shi da muciya, bai ce uffan ba. Da la'asar na leƙa ta labule, na gan ta durƙushe tana danna mishi ƙirji yana ƙas-ƙas, sannan ta sa baki ta hura, wallahi ƙirjin ya tashi! Da idona, duk da yanar da ke ciki.

Zipora na dariya har alƙalami na faɗuwa, wai ɗan tsana ne na koyo. Wane ɗan tsana ke numfashi? Wai da gawa ce da ta yi wari. Mutanen asibiti da ke da maganin kome? Ban tambayi yarinyar ba, tsoron amsar nake.

Ka taho kafin 'yan sanda su riga ka. A gaida Aminatu da yara.

Innarka,
Delu

Wara, ranar Jumma'a

Uban Mufida,

Bayan gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Wannan hannun Malam Jabir ne mai shagon cajin waya, don na yi fushi da Zipora. Na ji saƙonka a bakin direba, wai in kwantar da hankalina. Da ka zo da abin da ya faru bai faru ba.

Na ga ba mai cetonta sai ni. Shekaranjiya da hantsi tana wurin aiki, na ɗaure shi a buhu, na aza a ka kamar mai kai busasshen kifi. Ba nauyi, na ce lalle sun cire kayan ciki. Na bi ta bayan gonar albasa inda ba mutane, na yi mishi addu'ar da na iya, na tura shi ruwa.

Ashe bawan Allah ba ya nutsewa. Buhu ya kwance, ya taso rigingine yana kallon sama, iska ta kai shi tashar jirage. Nura ɗan ƙanen babanka shi ya jawo shi da taru, ya saki ihu. Kafin azahar gari ya haɗu. Anka kira Sarkin Ruwa, ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin kifi ya yi wa mutum yanka santsi haka ba. Liman ya tambaya ko namu ne a yi mishi salla. Andarawus ya leƙa ya ce su dai a cocinsu ba su da mai wannan fuskar. Wani Bafillace ya rantse ya taɓa sayar mishi da nono. Ni ina baya ina ta salati, ana ce min sannu Inna, tausayi gare ki.

Sai ga Mufida da gudu cikin farin kayanta. Ta ture manya, ta sungume shi, ta ƙwanƙwasa kansa kowa ya ji. Roba ce. Malam Jabir, rubuta, kar ka yi min murmushi. Roba ce, na ji.

Aro anka ba ta daga Yawuri, don ta koya wa masu jirage yadda ake dawo wa wanda ya sha ruwa da numfashi. Yanzu laka ta cika shi, ƙirjin ya daina ƙas-ƙas, ƙugiyar wani ta yage mishi leɓe. Ran kasuwa mai zuwa babbarsu ta wurin aiki za ta zo ganin koyarwar, ga shi ba abin koyarwa. Da munka koma gida ta dubi buhun, ta dube ni. Buhun masarata ne mai facin shuɗi, ba wanda bai san shi ba.

Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Ta zauna a dokin ƙofa, yarinyar da ba ta zama. Ta ce Kaka kin ci, na gaji, bayan kasuwa zan aje aikin.

Abin da na roƙa ke nan, ko ba haka ba? To me ya sa na ture tuwona na kwanta da yunwa?

Innarka,
Delu

Wara, jajibirin kasuwa

Uban Mufida,

Ina gaishe ka, ina gaida Aminatu da yara ɗaya bayan ɗaya, don ban san ko zan ƙara ba. Mun shirya da Zipora, ita ke rubutu, kuma ta yi alkawarin ba dariya.

Na tambayi yarinyar nan abin da ya kai ta aikin da ba hutu ba godiya. Na zaci farin kayan ne ya ja ta, ko son a ce mata likita. Ta ce a'a, Malam ne, babanka. Ran da anka fiddo shi daga ruwa kai ba ka gari, ita tana 'yar mitsitsiya riƙe da zanena. Ta ce ta taɓa ƙafarsa da ɗumi. Anka kifa shi bisa turmi ana danna ciki, mu muna kuka, ba wanda ya san abin yi. Sai da ta je karatu ta gane da akwai abin yi. Ni na zaci ta manta. Ashe da shi take kwana take tashi.

Na ce to a samu mai rai ya kwanta a maimakon na robar. Ta ce ta nema. Nura ya ce shi ba ya miƙewa kamar gawa gaban jama'a ya kira wa kansa mutuwa. Duk ƙartin tashar nan da ke nutso kamar dorina, haka sunka ce. Kuma suna da gaskiya, tun muna yara an hana.

Na ce ni zan kwanta. Bakina ne ya faɗa, ban shawarce shi ba. Ta ce Kaka ke da kike gudu bayan rumbu in kin ga allura? Na ce ba ruwanki. Ta yi dariya, rabon da in ji dariyarta tun damina. Ta ce mai rai ba a danna shi, za ta nuna inda ake aza hannu ne kawai da yadda ake juya mutum gefe. Na ce hurawar fa? Ta ce babu. Na ce ta rantse. Ta rantse, amma na ga abin da ta yi wa wancan, kuma ƙashina ba roba ba ne.

Gobe da hantsi ke nan, gaban Sarkin Ruwa da babbarsu da duk wanda ya zo sayen kifi. Na wanke zanen salla, na yanke farce, na yafe wa Tamada ta bayan gidanmu tukunyata da ta fasa. Zipora, kin yi alkawari.

Ka ji wasiyya. Akuyata ta Aminatu ce. Na robar a wanke shi a mayar wa masu shi, a ce ina ba da haƙuri. Kuma kar ka zo ɗaukar kowa, na janye.

In har ban tashi daga tabarmar nan ba, kada a fara da liman, kada a fara da ƙanwata ta Shanga, kai ma ka jira. Mufida za a fara gaya wa, tun tana durƙushe a kaina: ni na kwanta da kaina, ba hannunta ba ne, kuma in ta cire farin kayan nan ban yafe ba.

Innarka,
Delu